Kujerar Layin Gaba

Ƙanwata Doina,

Gaisuwa daga nan birnin Padova. Ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki Vasile. Yaya ƙafar Baba? Sanyin garinmu Soroca ya sake ku kuwa?

Ni lafiya lau, kar ku damu. Sinyora Ottavia, tsohuwar da nake jinya, ba ta da faɗa, sai dai yinina duk nata ne.

Kin san yadda na shirya wa Lahadin nan. Tun Asabar na gama guga da girki don in zauna in kalli rawar 'yata Ilinca ta waya. Ana dab da farawa numfashin tsohuwar ya sarƙe. Da wanne zan ji? Na kife wayar muka yi asibiti. Ta samu sauƙi.

Da na kira daga baya, 'yar tawa cewa ta yi, "Ba komai, Mama. Inna Doina ta yi min kitso, ta zauna a layin gaba, har da kukanta!"

Na ce, "Madalla." Doina, a baki kawai na faɗa. Ke ga kanti, ga gida, ga 'yata, kowa kina ba shi lokacinsa. Ni dominta na zo nan, amma kullum ita ce ta ƙarshe. Kujerar nan tawa ce.

Na gode, Allah Ya saka miki. Ga man zafi nan na aiko wa Baba.

Roƙona ɗaya: in abu ya dami Ilinca, kar ki yi saurin lallashinta. Ki bari ta neme ni. Ko me ke hannuna zan ajiye.

Yayarki,
Rodica