Gangaren Defale

Dapaong, 9 ga Fabrairu, 1993

Zuwa ga 'yata Juwairiyya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da mutanen Sokode. Gidan waya na yajin aiki, shi ya sa na ba Mumuni mai motar shanu wannan takarda. Shi kudu zai wuce.

Innarki ba ta da lafiya. Kwana biyar ba ta ci abin kirki ba, sunanki kawai take kira. Na san tasha a rufe take, mijinki kuma ya maƙale a Lome. Ki ɗauko motarsa ki taho.

Ni na ce 'yata ba za ta riƙe sitiyari ba, ni kuma na raɗa wa otomatik ɗin nan tasa, mai canza giya da kanta, suna motar malalata. Ban manta ba, ba sai kin tuna mini ba. Na kuma san ya koya miki tuƙi.

Bayan Kara akwai gangaren Defale. Kafin ki fara sauka ki rage gudu, ki janye giya daga D ki sa a 2. Injin zai yi ta kuka; ki ƙyale shi, shi zai riƙe ki. In kika danne birki tun daga sama, zai yi zafi ya saki. Shekara talatin ina bin hanyar nan, na ga waɗanda suka yi haka. Ina jin tsoro, Juwairiyya, amma ba ni da wanda zan aiko.

Allah ya kawo ki lafiya.
Mahaifinki,
Awaisu


Dapaong, 13 ga Fabrairu, 1993

Zuwa ga Baban Zakiyyu,

Ina gaishe ka da kewa mai yawa, ina fatan rikicin Lome bai taɓa ka ba. Yara suna wurin Hadiyya ƙanwarka.

Ka yafe mini, na ɗauki motarka ban jira izininka ba. Sau uku sojoji suka tsayar da ni, suna leƙe-leƙe suna neman direba. A Defale na sa ta a 2 kamar yadda Baba ya rubuto. Ƙafata tana neman birki, ina hana ta, sai ɗan taɓawa. Injin na kuka, ni ma ina yi, har muka sauka.

Na tarar da Inna da rai. Ta gane ni, ta sha rabin kofin koko daga hannuna.

Yau da safe na kai ta asibiti. Baba ya zauna a kujerar gaba, kuma ka san shi, ba a tuƙa shi bai yi gyara ba. Na kasa kunne ina jira. Kafin mu kai kwanar kasuwa, barci ya ɗauke shi. Inna ta taɓa kafaɗata, ta ce in bi a hankali, rabonsa da barci tun ranar da ta kwanta.

Ka sa mu a addu'a.
Taka,
Juwairiyya