Awon Damin Mode Mai Icce

Da sunan Allah Mai rahama. Ni Mode ɗan Garba, wanda mutanen Bodinga da Shagari sunka sani da Mode Mai Icce, na rubuta wannan da hannuna cikin watan Safar, shekarar 1983. Ƙafafu sun kumbura, likita ya hana ni gishiri, amma hankalina garau yake. Ku saurara, ɗiyana Bashiru, Mukhtari da Safiyya.

Na ɗaya. Gida, gonar Horo Birni, jakuna huɗu da akori-kura, Malam Musa liman ya raba muku kamar yadda shari'a ta ce. Roƙona guda ne: rumfar icce ta Bodinga da ta Shagari su zauna sana'a ɗaya, kada kowa ya ja tasa.

Rumfunan nan ba gadonsu na yi ba. Ina aji uku na sakandare mahaifina ya rasu, na aje biro na ɗauki gatari. Da jakin aro na fara, ina kwaso busasshen marke da geza daga dajin Mandera, in faskara, in kai kasuwa. Abokan karatuna sunka zama akawu, suna kirana Injiniyan Faskare. Yau kananzir ya ɓace, albashi sai an ga dama, ga su nan bakin rumfata da safe suna gaishe ni da Alhaji. Ban riƙe kowa ba, amma ba zan ɓoye muku ba, abin yana mini daɗi.

Na biyu, kuma shi ne ya sa na tashi zaune na yi rubutu. Tun babbar Sallah Bashiru da Mukhtari ba ku ci tuwo kwano ɗaya ba. Mukhtari na cewa yayansa ya rage dami yana cutar mutane saboda tsadar zamani. Bashiru na cewa ƙanensa yana rabar da icce a Shagari don a yabe shi. Har Altine mai tuwo, wadda ta shekara goma sha tara tana saye wurina, ta aiko a gaya mini damin Bodinga ya rame tun da na kwanta.

Na yi kwanaki ina juya maganar, sannan na gane babu macuci cikinku. Laifina ne. Shekara ashirin da shida ban taɓa auna dami da komai ba sai ƙirjina. In rungumi icce, in yatsuna sun haɗu, dami ya yi. Haka na koya muku, ina taƙama awona bai taɓa kuskure ba, na manta ba za ku gaji hannuwana ba. Bashiru ya biyo uwarku, gajere ne. Mukhtari kuwa ya fi ni tsawo da taƙi guda. Kowa ya rungumi iyakar abin da Allah Ya ba shi, ya ɗaure da gaskiya, ɗaya ya zama ɓarawo, ɗaya almubazzari. Da na gano haka na yi dariya har tari ya sarƙe ni, uwarku Zulai ta zaci tafiyar ce ta zo.

Na uku. Jiya na sa Safiyya ta kawo tef ɗinta na ɗinki. Na rungumi dami, ta auna, ta yanka igiya uku daidai da juna, da ƙulli a kowane baki. Ɗaya ta Bodinga, ɗaya ta Shagari, ta ukun tana akwatin Safiyya. Igiya na miƙewa in ta tsufa, don haka duk bayan kaka ku kai mata naku ta gwada. Abin da ta ce shi ke nan. In tsada ta matsa, ku ƙara kuɗi a fili, ku gaya wa mai saye. Dami kada a taɓa shi.

Na huɗu. Ɗanyen icce ba ya shiga rumfata, ko an ɓoye shi tsakiya. Mace ce za ta sha hayaƙin, kuma ba ta mantuwa. Kada ku sari icce mai rai, balle gawon da ke gona. Dogon yaron da na dasa a kan iyaka, rassa kaɗai za ku sassabe.

Na biyar. Uwarku a kai mata marke duk Juma'a. Hayaƙin sabara na sa mata hawaye.

Bashiru, kai ne babba, kai za ka hau mota ka tafi Shagari. Mukhtari, in ya iso ka tashi ka tarbe shi, kada ka tsaya kansa kana nuna tsawo. Ku zo mini tare kafin Juma'a mai zuwa, ku ci abinci a gabana. Ina son in gani da idona, kada a kawo mini labari.

Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Allah Ya yi muku albarka, Ya sa wa gatarinku albarka, Ya tsare ku daga saran kuskure. Ku riƙe uwarku, ku riƙe 'yar'uwarku, ku zauna gida ɗaya a bayana.

Mahaifinku,
Mode ɗan Garba, Bodinga