Igiyata a Hannun Genzo

Litinin, 3 ga Yuni

Nitson farko a teku tun rasuwar mijina Isamu. Ƙanensa Genzo ne ya riƙe mini igiyar ƙuguna daga cikin jirgin ruwa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a masana'anta a birnin Nagoya, hannu laushi kamar awara, wai shi ne raina ke hannunsa. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki.

Alhamis, 6 ga Yuni

Na sa ƙarfe ƙarƙashin wani ƙaton awabi, dodon koɗin tekun da muke nitso dominsa, saura kaɗan ya saki dutse, sai na ji an fizge ni sama. Ban ja igiya ba! Isamu bai taɓa ɗago ni ban nema ba. Na fito ina zagi. Wai, "Yaya, igiyar ta karkata, ruwa ya fara janyewa." Na ce, "Kai za ka koya mini ruwa? Ina nitso tun kana cikin tsumma." Na san wata ya ɓace, na san a irin wannan lokaci ruwa na da ƙarfi. Ba daga bakinsa nake son ji ba.

Juma'a, 14 ga Yuni

Rabin wata, teku kwance lumui, amma sau biyu ya ɗago ni. Matsoraci. A bukkar masu nitso muna jin wuta, ƙawata Sadae ta leƙa ragata ta ce, "Chiyono, wanka kika je?" Duk suka kwashe da dariya. Na faɗa masa, ya sake ja ban nema ba, na bar jirginsa har abada, gara in bi tsofaffi tsintar ciyawar teku a gaɓa.

Lahadi, 16 ga Yuni

Har yadda yake tauna shinkafa haushi yake ba ni.

Asabar, 22 ga Yuni

Wata ya cika. Bayan Baƙin Dutse na sauka, ana gab da juyawar ruwa. Ya ce mu bari, na yi kamar ban ji ba. Ina ƙasa ruwan ya juya gaba ɗaya, ya tura ni ƙarƙashin dutsen, igiya ta maƙale a tsagi. Na ja. Na sake ja. Shiru. Yau da na nema, yau ne bai ja ba! Ƙirjina kamar zai fashe, na tsine masa a zuci. Sai na ji igiyar ta yi sako-sako, ta zame daga tsagin, sannan aka ɗago ni da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

Ashe sakinta ya yi, ya kewaya da jirgin ta inda ruwan ke fitowa. Da ya ja tun farko, da ƙara ɗaure ni ya yi. Na kwanta a jirgi ina aman ruwan gishiri. Bai ce "na faɗa miki" ba. Da ya faɗa ma da na samu abin zagi. Tafin hannunsa duk ya saɓule, jini har kan igiya. Na ji tsoro yau, ba zan faɗa wa Sadae ba.

Talata, 25 ga Yuni

Na ciro safar hannun Isamu daga akwati, na ajiye a jirgi inda zai gani. Ba don shi ba. Kada jini ya ɓata mini igiya ne.