Injin Walda da Garmar Baba

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da Yaya Binta da yara. Yaya sanyin Jos? Mu nan Malumfashi lafiya lau.

Na je Funtuwa duba injin waldar da nake buri. Wani makanike ya nuna mini hoton sabon samfuri, mai turo wayar walda da kansa, ɗinkinsa sumul. Har mafarkinsa na yi. Amma ya ce ba ya son iska, ba ya son tsatsa. Ni kuwa gindin tsamiyarmu zan zauna in yi aikin, karyayyiyar garmar marigayi Baba kuma duk tsatsa ce. Sai na zaɓi irin na da, mai aiki da sandar walda, wanda bai damu da iska ko tsatsa ba.

In na rufe ido, ina ganin garmar tana bin shanu, kamar Baba na riƙe da ita.

Ka gaishe da Gwaggo. Ku taya ni addu'a in haɗa garmar kafin ruwan shuka.

Ƙaninka,
Ilu