Lemo Ya Nuna, Kana Seoul

Daga gida, tsibirin Jeju

Baban Hye-ran,

Ina gaishe ka, da fatan ka sauka Seoul lafiya, ƙafar kuma ba ta kumbura ba. Na koma rubuto wasiƙa ne don na gaji da ihu a waya, ina cewa lemo kana tambaya wa ya mutu.

Lemo ya nuna gaba ɗaya. Matan da muka ɗauka tsinka rabinsu sun gudu gonar Kang, can ana ba su abincin rana da nama. Hye-ran ta ɗauki hutu daga asibiti tana taya ni, yatsunta duk sun tsattsage. Rediyo na cewa dusar ƙanƙara za ta sauko daga dutse da wuri bana.

Ban san me ya sa majalisa ba ta tashi taɓa dokar ƙungiyoyin ajiya da rance sai lokacin tsinkar lemo ba. Ka ce wannan karon so ake a haɗe ƙananan ƙungiyoyi irin ta ƙauyenmu da na birni, a rufe ofishinmu. Na ji. Amma ƙungiya mambobinta ɗaruruwa ne, ni kuwa mijina ɗaya, shi ma kurma.

Goggo Chun-ja kullum tana ofishin, zaune gaban murhu, tana tambayar ma'aikata ko da gaske ne. Ta ce ita da ta tsufa tana nutso a teku tana kamo abin sayarwa ba za ta hau mota zuwa birni ta tsaya gaban yarinyar da ba ta san sunanta ba. Na ce mata ai kai shugaba ka tafi ka gyara. Ta ce, "To, ya dai sa abin jin nan nasa a kunne."

Ka riƙa cin abinci mai zafi.

Matarka, Ok-ja

*

Seoul

Zuwa ga Maman Hye-ran,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan ke da Hye-ran kuna lafiya, ina sanar da ke wasiƙarki ta same ni, kuma na fahimci duk abin da ke cikinta, har da wanda ba ki rubuta ba.

Muna masaukin da muka saba, mu shugabannin ƙungiyoyi daga larduna, sai dai bana mun ragu. Kin tuna Seo, na garin masu haƙar kwal, wanda muka daɗe muna wannan zirga-zirga tare? Tasu ƙungiyar an riga an haɗe ta bara. Duk da haka ya zo, wai ya saba. Ya gaya mini tun da aka rufe ofishinsu, tsofaffin garin sun koma cusa ajiyarsu cikin katifa, wanda kuma ya matsu sai ya je wajen masu ba da rance da ruwa mai kisa. Yana faɗa yana dariya, ni dai ban iya na taya shi ba.

Aikinmu zama ne a benci. Mu shiga wannan ofis a ce maigidan yana taro, mu shiga wancan a ba mu shayin sha'ir da katin adireshi. Mutanen manyan bankuna ba sa zama. Su akan fito a tare su. Ɗan majalisarmu ma har yau ban gan shi ba, sai mataimakinsa, yaro mai ladabi, wanda ya tambaye ni mene ne bambancinmu da banki. Na ce masa banki na masu hannun jari ne, mu kuwa masu ajiyar su ne masu gidan. Ya rubuta. Shekara uku da suka wuce wani yaron ya rubuta wannan amsar a wannan teburin.

Na san nauyin da na bar miki. Amma abin da muka gina da hannunmu, layi biyu a takarda sun isa su rushe shi, kuma idan ba wanda ke zaune a bencin nan, za a rubuta su ba tare da an san muna duniya ba. Ki fara tsinke gonar sama, ita sanyi ke fara kamawa.

Ki gaida Goggo Chun-ja, ki ce na sa.

Mijinki, Hyun Deok-su

*

Daga gida

Baban Hye-ran,

Ina gaishe ka. Saƙonka bai isa wurin Goggo ba. Ta rasu ranar Lahadi, bayan an dawo coci, tana zaune tana gyaran ragarta. Ban buga maka waya ba, don na san za ka taho, kuma in ka taho za ka yi shekara kana cewa da ka zauna.

Dusar ma ta sauko. Gonar sama ba mu kai rabi ba. Abin da ya rage ya yi laushi, ko masu matsa ruwan lemo sun ce ba sa so. Hye-ran ta zauna a kan kwando ta yi kuka, ni kuwa ko ƙarfin kukan ba ni da shi.

Ɗan majalisar naka da ba ka samu gani ba a Seoul, mu mun gan shi. Ya zo gaisuwar mutuwa, ka san ba ya wuce makoki inda akwai masu zaɓe. Ya rusuna gaban hoton marigayiya, ya juya zai sa takalmi, sai matan nutso suka zauna a bakin ƙofa. Ba wanda ya shirya hakan. Na kawo masa miya da nama na ce ya zauna, ba a fita gidan mutuwa da yunwa.

Ya zauna. Matar Kang ta gaya masa wa ya saya wa mijinta injin kwalekwale lokacin da banki ya kore shi. Wata ta ce da rancen ƙungiya ɗanta ya gama karatu. Ni na ce masa akwatin gawar da ke bayansa da naman da ke bakinsa, duk daga ajiyar marigayiya suka fito, ita ta tanadi kayanta tun da ranta, a ofishin da yake shirin sa hannu a rufe. Ya ce zai duba. Na ce, "Mijina yana bencin ƙofarka, ka fara duba shi."

Kada ka ɗauka don kai na yi. Haushi nake ji, shi kuma ya zo kusa.

Ok-ja

*

Seoul

Zuwa ga Maman Hye-ran,

Bayan gaisuwa, Allah ya ba Goggo hutawa. Na karanta wasiƙarki a tsaye, sannan na nemi wuri na zauna. Ita ce ta fara kawo ajiya ranar da muka buɗe, a ƙulle cikin tsumma mai warin teku. Ya kamata a ce ina cikin masu ɗaukarta.

Ɗan majalisar ya kira ni. Ya ce matan ƙauyenmu ba su da sauƙi, na ce na sani. Ya sa aka ba ni damar magana gaban kwamiti. Wani daga can ƙarshen tebur ya yi mini tambaya ban ji ba, na amsa wata daban, aka yi dariya. Seo ya miƙe daga baya ya maimaita mini da ƙarfi, har aka ce ya zauna. Na ba su amsa, na kuma ba su labarin garinsa.

Ba a janye sashen dokar da zai haɗe mu ba. An ɗage shi shekara uku, wai za a sake nazari. Abokan tafiya sun tafi shan giyar murna, ni na raka Seo tashar jirgin ƙasa. Ya ce shi kam ya gama, ba zai ƙara zuwa ba. Na tsaya har jirginsa ya tashi.

Zan biyo jirgin ruwa daga tashar Mokpo ranar Alhamis. Ban san da wace fuska zan kalli gonar sama ba, balle ke.

Mijinki, Deok-su

*

Baban Hye-ran,

Ina gaishe ka. Ka taho kawai, gona ba ta cizo.

Jiya dattawan ƙungiya sun zo gida. Sun ce zaɓen shugaba na wata mai zuwa, ba wanda ya yarda ya tsaya, kuma shekara uku kamar gobe ne. Sun roƙe ni in tambaye ka ko za ka sake tsayawa.

Na ce musu ba zan tambaye ka ba, don na san amsar, ba ka taɓa ce wa ƙungiya a'a ba.

Sai ka iso.

Ok-ja