Tofin Inna

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
Mun dawo daga asibiti. Lokotoro ya ce gashin da aka yi wa ƙullutun wuyan Inna ya ƙone wurin da miyau ke tsattsafowa, nan ƙarƙashin muƙamuƙi. Na ce yaushe miyan zai dawo? Bai ko dube ni ba. Wai ta riƙa kurɓar ruwa. Ruwa! Kamar ba mu da randa.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Tuwo ba ya wucewa. Sai kunu, shi ma da ƙyar. Harshenta ya bushe kamar tsohuwar fata.

Lahadi, 13 ga Oktoba
Ƙanena Mahfuz zai ɗauki lodin albasa a garin Badagishiri, ya kai kudu. Tunda ya fara tuƙi bai taɓa kama hanya ba sai ya durƙusa Inna ta yi mishi addu'a ta tofa a tafinshi, ya shafa. Yau ya miƙa hannu. Ta karanta, ta tattara baki, ta yi, ta sake yi. Iska kawai. Ya shafa hakanan, yana dariyar ƙarfin hali. Ita ko ta juya ga bango. Wallahi ji na yi kamar in kurma ihu.

Talata, 15 ga Oktoba
Bai kira ba. Inna ta ƙi kunu.

Laraba, 16 ga Oktoba
Ya kira, taya ce ta fashe, lafiya lau yake. Na ce mata kin ji, taya ce. Ta ce, “Basira, hannu wofi na sallame shi.” Na ce Allah addu'a yake ji, ba miyau ba. Ta ce ta sani. Ta sani, amma kuka take, ni kuma ban da abin ba ta.

Asabar, 26 ga Oktoba
Na ba ta tsamiya ta tsotsa, ko za a dace. Baki ya yi ta zafi, banza. Ni da na kawo nawa bakin ne ya cika. Haushin kaina ya kama ni.

Litinin, 4 ga Nuwamba
Mahfuz zai koma. Ya durƙusa, ta karanta a hankali, sai ta jawo gefen zanena ta ce, “Tofa mishi.” Na ce ni, Inna? Ta harare ni. Na tofa.

Aro ne dai, kafin ta warke. Haka na ce mishi a zaure. Sai dai da la'asar na ji ni ina bitar addu'ar, kar wata kalma ta kuɓuce mini.