Kabir Bai Sauko Ba

Bronx, New York
20 ga Satumba, 2016

Zuwa ga Yayata Nimatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da Inna da maigidanki da yara. Yaya aka ji da hidimar Babbar Sallah? Yaya ƙafar Inna da sanyin Gembu? Mu nan sai godiyar Allah.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni alhali ga waya. Na san kullum a ɗakin Inna kike amsa kirana, kuma tun da idonta ya tafi kunnenta ya ƙara kaifi. Shi ya sa na rubuta, na ɗauki hoton takardar na turo miki. Ki karanta ke kaɗai.

Yaya, Kabir ya yi tafiya, kuma hankalina ba a kwance yake ba. Tun rasuwar mahaifinsu ya tsiri hawan dutse. Ranar hutu sai ya saɓi jaka ya hau jirgin ƙasa ya fita bayan gari, ya dawo da magariba takalmi duk taɓo. Da ya gama kwaleji bana, ya ce zai je Sifaniya, wani yanki na arewa da ake kira ƙasar Bask, ya bi duwatsunsu da ƙafa. Na ce masa mutum da lafiyarsa zai hau jirgi don ya je ya wahalar da kansa? Ya yi dariya ya ce ai ni na jawo, da nake cika musu kunne da labarin Mambila suna ƙanana.

Kullum da yamma yana turo hotuna. Wallahi da kin gani sai kin rantse bayan gidanmu ne. Tuddai kore shar, tumaki masu dogon gashi da ƙararrawa a wuya, dawakai sake ba mai tsaro, ga bukkokin makiyaya na dutse. Ya ce hanyar ma ba hanya ba ce, ɗigon fenti ne ja da fari a jikin duwatsu da itatuwa, in ka ga ɗaya sai ka nemi na gaba. A ƙasan wani hoto ya rubuto da gurguwar Hausarsa: "Umma, na samo Gembunki, saura Inna."

Saƙonsa na ƙarshe daga wata makiyaya ne mai suna Urbia. Ya ce ya sayi cuku wurin wata tsohuwa zai kawo mini tsaraba, kuma da safe zai hau doron wani dutse da ake kira Aizkorri. Tun daga nan shiru. Ƙanwarsa Muhsina ta ce in daina damuwa, ba sabis a kan dutse. Ni ma na san haka, a dutse na tashi. Amma Kabir bai taɓa kwana biyu bai neme ni ba.

Ran Lahadi jirginsa zai sauka. Ki sa mu a addu'a, kuma kada Inna ta ji komai.

Taki ƙanwa,
Nafisatu


Bronx, New York
16 ga Oktoba, 2016

Yaya Nimatu,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna da kowa da kowa. Na ga saƙonninki, ki yi haƙuri da rashin amsa.

Jirgi ya sauka ba Kabir. Ni da Muhsina muka tsaya a bakin ƙofar fitowa har aka daina fitowa, har masu shara suka fara zagaye ƙafafunmu. Washegari muka kai rahoto, daga nan aka sanar da 'yan sandan can. Sun yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsu ba. Sun fita da karnuka da jirgi mai saukar ungulu, mutanen ƙauyukan da ke gindin dutsen ma sun bar aikinsu sun shiga nema. Abin da aka gano shi ne, da hantsin ranar da ya hau, hazo ya sauko ya rufe dutsen ruf, irin mai laimar nan da kan hana mutum ganin tafin hannunsa. Kuma dutsen duk ramuka ne, wasu ciyawa ta rufe bakinsu, wasu ba a san iyakar zurfinsu ba.

Kin tambaye ni me nake jira ban tafi ba. Yaya, kin manta yadda nake zaune a ƙasar nan? Bizar da muka shigo da ita ta mutu tun Kabir yana ciki. Na je wurin lauya, ya ce in na fita ba za a bar ni in dawo ba sai bayan shekara goma, kuma Sifaniyar ma ba za su ba ni biza daga nan ba. Kabir ya cika ashirin da ɗaya bana, shi doka ta yarda ya nema mini takardu, mun yi da shi yana dawowa za a fara. Muhsina shekararta sha ɗaya. Wa zan bar wa ita? Ɗana yana cikin rami a wata ƙasa, ni kuma ina nan ina hawa jirgin ƙasa na layin D kowace safiya, ina zuwa yi wa tsohuwar wasu wanka.

Maƙwabciyata Adisa ce ta je a madadina. 'Yar Zangon Kumasi ce, nas, tana da fasfon ƙasar nan. Mace ce mai jiki, ga ciwon gwiwa, benenmu ma da ƙyar take hawa. Ta shigo ta same ni a ƙasa, ta ce da irin Hausarsu, "Nafisa, tashi ka ba ni hotonshi. Ni zan je in duba maka." Ta ɗauki hutu ta tafi.

Daga wani coci da ke bakin kwazazzabo, Arantzazu, hanyar take farawa. Adisa ta hau da sanda biyu, ta ratsa daji, tana tsayawa tana haki, wayarta a hannu tana nuna mini ta bidiyo duk inda ta samu sabis. Haka na ga hanyar da ɗana ya bi. Na ga ɗigon fentin. Na ga inda itatuwa suka ƙare fili ya buɗe, ga tumaki, ga dutsen fari fat a samansu kamar haƙora.

Ta samu tsohuwar mai cuku. Wani saurayi cikin masu neman ya yi tafinta. Tsohuwar ta ce ta tuna shi sarai, don ta gan shi yana sallah a kan ciyawa bayan bukkarta, ta hana karenta yin haushi har ya idar. Da safe ta nuna masa sama ta ce gari zai canja. Ya ce mata zai yi sauri. Da Adisa ta juya mata wayar ta gan ni, sai ta ɗora hannu a ƙirji ta daɗe ba ta sauke ba. Ba ta jin yarena, ba na jin nata. Muka yi ta kallon juna har sabis ya yanke.

Adisa ba ta iya hawa doron dutsen ba. Ta tsaya daga ƙasa ta yi ta kiran sunansa har muryarta ta dishe.

Ki ce wa Inna aiki ya riƙe shi.

Nafisatu


Bronx, New York
8 ga Janairu, 2017

Yayata,

Sallama da gaisuwa. Ina fata sanyin bana bai tayar wa Inna da tarin nan nata ba. Na gode da saukar da kika sa aka yi. Allah Ya saka.

An dakatar da nema. Makiyaya sun sauko da tumakinsu, ƙanƙara ta rufe dutsen, 'yan sandan sun ce sai ta narke. Nan ma tana zuba. In na ga ta taru a bakin taga sai in kasa rufe labule. Kabir rigar sanyi mara nauyi ya tafi da ita, mai kaurin tana nan rataye bayan ƙofa.

Na zama wata iri, Yaya. Muhsina ta sa mini taswirar wurin a waya, yanzu na san dutsen nan fiye da yadda na san babban titinmu na Grand Concourse. Na san inda hanya ta rabu biyu, na san kogon da ake ratsawa a fita ɗaya ɓarin, na san inda doron ya tsuke har mutum biyu ba sa jerawa. Ina cikin ba tsohuwar da nake jinya abinci sai in tsinci kaina ina lissafin ta ina ya bi. Ko ya juya baya da hazon ya sauko? Ko ya ga wani dutse ya ɗauka alama ce? Ko ya yi kira?

Mutanen masallacinmu na unguwar Morrisania sun kasu. Wasu na cewa a yi masa sallar gawa daga nesa a huta, wasu na cewa ba a yi wa wanda ba a tabbatar ba. Liman ya ce ba zai yi komai ba sai na yarda. Ban yarda ba. Mata sun daina zuwa, ban kuma ga laifinsu ba, don ba su san ko gaisuwar mutuwa za su yi mini ko ta jaje ba.

Muhsina ta koma kwana a gadonsa. Ba ta kuka a gabana. Rannan muna cin abinci ta tambaye ni da Turanci, wai in da ita ce ta ɓata, da zan je? Ta tashi ta wanke kwanonta.

Ki gaida Inna. In ta matsa, ki ce ya gaishe ta.

Nafisatu


Bronx, New York
2 ga Yuli, 2017

Zuwa ga Yaya Nimatu,

Assalamu alaikum. Barkanmu da shan ruwa, barka da Sallah. Ina fata kun yi lafiya, Allah Ya karɓi ibada.

Ƙanƙara ta narke, makiyaya sun koma sama. Cikin azumi wani mai neman tunkiyarsa ya tsinci jakar Kabir a ƙasan doron, ta ɓarin da ba a bi, nesa da alamun fenti. An sake fitowa nema. Masu shiga kogo sun sauka da igiya cikin ramukan da ke kusa, ɗaya bayan ɗaya. Ba su same shi ba. Jami'in da ya kira ya yi magana a hankali, ya ce ba za su rufe maganar ba, amma ba su da sauran inda za su duba.

An aiko mini da jakar a kwali. Tocila, dardumar tafiya, safa, fasfonsa da ruwa ya manne shafukansa. Tana warin ƙasa da tumaki. Na zazzage ta har ƙasa ina neman ban san mene ne ba.

Ran Juma'ar da ta wuce na ce wa liman na yarda. Bayan an idar da sallah maza suka tashi suka yi sahu. Ina leƙe ta tsakanin labule. Gaban liman ba komai sai kafet. Aka yi kabbara huɗu, aka sallame, kowa ya nemi takalminsa. Ba makara, ba wanda ya ɗauki komai, ba inda za a raka shi. Adisa ce ta riƙe ni muka fito titi, rana tana dukan mutane, masu sayar da turare da hula suna ta ciniki.

Na ɗauka in an yi zan ji sauƙi. Ban ji ba. Har yanzu in aka taɓa ƙofar bene sai na ɗaga kai. Lauya ya ce sai Muhsina ta cika ashirin da ɗaya kafin a yi maganar takarduna. Ban sani ba ko ƙafata za ta iya hawa dutsen a lokacin, ko tsohuwar nan mai cuku tana da rai.

Yanzu ga abin da nake roƙonki. Kin ce Inna ta daina tambayarsa, kuma kin san abin da shirun Inna yake nufi. Lokaci ya yi. Ki bari sai ta ci abinci ta yi la'asar, ki zauna kusa da ita ki riƙe hannunta. Ki ce mata Kabir ya rasu a ƙasar Sifaniya, ya faɗi a kan dutse, an yi masa sallah, jama'a sun taru da yawa. Duk wannan ba ƙarya ba ne, iyakar sanina. In ta tambayi kabari, ki ce yana wuri mai ciyawa, kusa da makiyaya.

Kada ki ce mata ya ɓata, Yaya. Ta tsufa, ba za ta iya da jira ba. Wannan ki bar mini.

Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Nafisatu